Yadda na zaɓi babur ɗina na farko ƙirar kuruza

Na haura shekara arba'in ban taɓa tuƙa babur da hannuna ba. Keke na hau tun ina firamare, mota kuma na koya bayan na fara aiki, amma babur iyakata da shi a goya ni a baya, shi ma goyon ya yanke tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a farkon 2013. Duk da haka akwai wani irin babur da ya daɗe yana raina, wanda sirdinsa yake ƙasa-ƙasa, tayar gabansa ta miƙe can gaba, mahayinsa kuma ya zauna a natse, ƙafafunsa a gaba, kamar wanda ya kishingiɗa a zaure. A nan Kano duk babur ɗin da ya fi Boxer da Jincheng girma fawa-baik ake ce masa, ba a bambanta na tsere da na tafiyar ƙasaita, amma masu harkar suna kiran wannan ƙirar kuruza. Asalinta daga Amurka ne, daga baburan kamfanin Indian da na Harley-Davidson, kamfanin da aka kafa a Milwaukee a 1903, daga baya kamfanonin Japan suka ɗauki fasalin suka ƙera nasu, manya da ƙanana.

Abin da ya mayar da sha'awar ta zama niyya shi ne cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Motata tsohuwa ce mai shan mai, sai na wayi gari kashi mai tsoka na albashina yana ƙarewa a gidan mai, na ce a raina tunda dole ce za ta mayar da ni kan babur, gara in nemi wanda zuciyata ta daɗe tana so. Kafin in nemi kowane dillali sai da na je wurin mahaifiyata, domin na san ba ƙaramin abu ba ne a wurinta, ita da ta sha zuwa dubiyar 'ya'yan maƙwabta a asibitin ƙashi na Dala. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “Ba zan hana ka ba, amma ka yi mini alkawarin abu biyu. Kada ka hau titi sai ka iya, kuma kada ka fita ba hular kwano.” Na ce, “Na yi alkawari, Hajiya.”

A lokacin idona yana kan manya ne kawai. Tunanina shi ne mutum mai shekaruna ba zai sayi ƙaramin babur yau, gobe ya sayar ya sayi babba ba, gara a yi ta sau ɗaya a gama. Akwai wani abokin aikina da yake da kuruza ɗan Japan mai cc 750 (cc ma'aunin girman inji ne), sai ya gayyace ni gidansa wata ranar Asabar da hantsi don in ji yadda yake. Bai tayar da injin ba. Ya ce in hau, in ɗaga babur ɗin daga kan jak, in tsayar da shi daidai. Na yi hakan ba wata wahala, domin sirdin yana ƙasa, tafukan ƙafafuna biyu sun taka siminti sosai, har na ji a raina cewa ana zuzuta maganar nauyi ne kawai. Daga nan ya ce in tura shi da ƙafa in karkata kan zuwa hagu, kamar zan fita daga ƙofar gidan. Ina cikin turawa na ga tayar gaba ta doshi bakin kwata, sai na damƙe birkin hannu da ƙarfi alhali kan yana karkace. Babur ɗin ya tsaya cak, ya rinjaya hagu kaɗan, na dage ƙafa na riƙe shi, ya ƙara rinjaya, daga nan na ji nauyinsa ya wuce abin da ƙugu da cinyata za su iya ɗauka. A hankali ya kwanta a kan simintin, madubi ya tsage, bakin hannun kulocin ya karye.

Mu biyu muka ɗaga shi. Abokin nawa bai nuna ɓacin rai ba, ya ma ƙi karɓar kuɗin gyara sai da na matsa, amma maganar da ya yi mini ita ce ta sauya duk lissafina. Ya ce, “Malam, a kan gudu kowane babur ba shi da nauyi, tayoyin ne suke riƙe da shi. Inda zai gwada ka shi ne ƙofar gida, da gidan mai, da cikin cunkoso, da lokacin da ɗan adaidaita sahu ya tsaya a gabanka ba sigina.” Ya kuma nuna mini yadda mutum ɗaya yake ɗaga babur idan ya faɗi, wato ya juya masa baya, ya tsugunna ya jingina ƙugunsa da sirdi, ya kama kan da hannu ɗaya, ƙarfen baya da ɗaya, ya tura da ƙafafu ba da gadon baya ba. Na gwada bayan mun kwantar da shi a kan tsohuwar katifa, na ɗaga shi da ƙyar sau ɗaya, na biyu ya gagare ni.

Daren nan na zauna na bi alƙaluman nauyin baburan da nake mafarki, abin da ban taɓa dubawa ba, domin a da girman inji kaɗai nake kallo. Honda Shadow 750 yana wajen kilo 250, Harley-Davidson Sportster 883 ya ɗan haura haka, wato nauyin buhun shinkafa biyar masu kilo hamsin-hamsin. Kawasaki Vulcan S mai cc 649 yana kusa da kilo 230. Honda Rebel 500 da Royal Enfield Meteor 350 suna wajen kilo 190. Can ƙasa kuma sai tsohon Honda Rebel 250 da Yamaha Virago 250, kowannensu wajen kilo 150. Tsayin sirdinsu kuwa bai bambanta sosai ba, yawancinsu ba su wuce santimita 70 daga ƙasa ba in ban da Meteor da ya kai 76 da ɗoriya, kuma a nan ne yaudarar kuruza take ga sabon mahayi. Ƙafa tana taka ƙasa, sai mutum ya ɗauka ya fi ƙarfin babur ɗin, alhali taka ƙasa daban, riƙe buhu biyar da suka karkace daban.

Na ajiye maganar saye na koma koyo. Ƙanina ya ara mini ƙaramin babur ɗinsa mai cc 125, kullum bayan la'asar muna zuwa filin wata firamare da ke unguwarmu. Kusan wata biyu ban wuce giya ta biyu ba. Mun jera robobin ruwa ina zagaya su, ina koyon wurin da kuloci yake fara kamawa, da yadda ake riƙe totur daidai ana ɗan taka birkin baya don babur ya yi tafiyar ƙafa ba tare da ya yi tangaɗi ba, da kallon inda nake son zuwa maimakon kallon abin da nake tsoron bugewa. A nan na gane kuskuren da na yi a gidan abokina, cewa ba a damƙe birkin gaba a tafiyar sannu idan kai yana karkace. A cikin wannan lokacin na nemi lasisin tuƙa babur, wanda shi ne na rukunin A, domin na motata na rukunin B ne, kuma bai shafi babur ba.

Da na ji hannuna ya fara faɗawa, sai abokin nawa ya kai ni wurin wani dattijon bakanike da yake gyara manyan babura. Na tarar da shi zaune a kan benci, ya warware kafireta a cikin kwanon fetur yana wanke ta da tsohon burushin haƙori, ya jera ƙananan allurorinta a kan farin tsumma. Na nuna masa hotuna a waya, ya duba biyu ya miƙo mini wayar, ya ce, “Malam, ni ba ruwana da wanda ya fi kyau. Tambayata ɗaya ce, idan ya lalace ranar Talata, yaushe zai tashi?” Na ce, “Baba, ai abin da ya kawo ni ke nan.”

Mun shafe fiye da awa biyu, kuma a wurinsa na koyi abin da babu shi a cikin bidiyoyin Turawa da na cika wayata da su. Ya fara da hanyar shan mai. Sababbin babura inji ne mai fesa mai da famfo da kwamfuta, suna tashi bugu ɗaya ko da sanyin hunturu, ba sa ɓarnar mai, amma ba sa jure gurɓataccen fetur, kuma duk wanda yake Kano ya san wata rana dole ce za ta kai shi wurin 'yan bumburutu. Idan famfon ya mutu ko wata na'ura ta rikice, sai an sami mai kwamfutar dubawa, sai kuma an jira kaya daga Legas ko daga waje. Kafireta kuwa tsohon yayi ce, tana buƙatar cok da safe, tana toshewa idan babur ya daɗe a ajiye, amma ko a Bichi ko a Wudil ta toshe akwai yaron da zai kwance ta ya wanke. Daga nan ya koma kan sanyaya inji. Mai lagireto ya fi jure cunkoso a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura maki 40, sai dai tsofaffin baburan da ake shigowa da su sau da yawa an daɗe ana zuba musu ruwan rijiya, cikin lagireton ya yi tsatsa, fankar ta mutu ba a sani ba. Mai sanyaya da iska ba shi da wannan tarkacen, kuma idan injin ƙarami ne zafin da yake haifarwa bai kai na babba ba, sharaɗin kawai shi ne a riƙa sauya baƙin mai a kan kari. Na uku shi ne abin da yake juya tayar baya, ko shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa, ko bel, ko sarƙa. Shaf a rufe yake, ƙurar hunturu ba ta shigarsa, amma ranar da ya lalace babur ya zauna. Bel irin na Harley-Davidson ba ya son tsakuwa. Sarƙa ita ce mai wahalar kulawa, a wanke, a sa mai, a ɗaure, amma ita ce ake samu a kasuwa.

Na tambaye shi game da masu cc 400, domin su ne na fi gani a hannun dillalai, musamman Honda Steed da Yamaha Drag Star. Dalilin yawansu shi ne a Japan akwai matakin lasisi da ya tsaya a cc 400, don haka kamfanonin suka ƙera wa kasuwar gida irin waɗannan, Steed tun 1988, Drag Star 400 tun 1996, idan sun tsufa kuma a fitar da su waje. Suna da kyau ƙwarai, kuma su ne suka fi kama da hoton da yake kaina. Sai dai gangar jikinsu ɗaya ce da ta yayyensu masu cc 600 da 650, nauyinsu ya haura kilo 200, ke nan mutum ya ɗauki kusan nauyin babba da ƙarfin matsakaici. Ga wanda ya shekara yana hawa wannan ba matsala ba ce. Ni da ban fi wata biyu a filin makaranta ba, na san amsata.

Abin da ya fi yi mini wuyar bari shi ne sabon Rebel, wanda Honda ta fito da shi a 2017, mai cc 286 da mai cc 471, domin ana samun sa da birkin ABS, wanda yake hana taya kullewa idan mutum ya firgita ya damƙe birki. A ganina babu wata na'ura da ta fi wannan amfani ga sabon mahayi, musamman a titunanmu da rairayi yake kwanciya a gefen kwalta, kuma har yanzu duk wanda ya tambaye ni, in yana da hali kuma yana da mai gyara, ina ce masa ya nemi mai ita. Kuɗina ne bai kai ba, bayan yadda canjin dala ya tashi a shekarar 2023. Na kuma duba ƙananan masu cc 125 da 150 ƙirar Suzuki GN125, irin waɗanda Haojue take yi, sababbi fil, kayan gyaransu ko'ina. Shawara ce mai kyau ga wanda ba zai fita gari ba, amma ni ina da niyyar zuwa ƙauyenmu a kansa, ina son abin da zai riƙe kilomita 80 a awa ba tare da injin yana kuka ba. Haka zaɓin ya rage tsakanin biyu, Rebel 250 da Virago 250, kuma dattijon ya ce duk wanda na samu mai lafiya a cikinsu in ɗauka, domin kamfanonin Sin sun kwaikwayi injinan biyun, abin da ya sa wasu kayansu ba sa wuyar samu.

Neman ya ɗauke ni mako shida. Na farko da wani dillali ya kai ni gani yana sheƙi kamar sabo, an wanke shi an shafe tayoyinsa da mai. Dattijon, wanda na biya shi ladan rakiya, bai kalli fentin ba, ya sa bayan hannunsa a jikin injin ya ji da ɗumi. Ya ce wa mai babur ɗin za mu dawo gobe da sassafe, kada a tayar da shi kafin mu zo. Washegari da aka tayar da shi a sanyi sai da aka yi ta fama, da ya tashi kuma salansa ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, alamar injin yana cin baƙin mai. Muka yi godiya muka tafi. Na biyu lafiyarsa ƙalau, kuɗinsa ma da sauƙi, amma babu takardar kwastan, lambar da ke jikin firam ɗin kuma an yi mata fenti mai kauri har ba ta karantuwa sosai. Dillalin ya yi ta rantsuwa cewa za a kawo takardu daga baya. Na ƙi, domin babur irin wannan ba ya ɓuya a shingen bincike, kuma ban shirya sayen abin da wata rana wani zai zo ya ce nasa ne ba.

Na uku Virago 250 ne baƙi, a hannun wani ma'aikaci da aka yi wa sauyin wurin aiki. Fentin tankinsa ya ɗan koɗe, sirdin ya tsage a gefe, amma ya tashi a sanyi bugu biyu, sautinsa daidai. Dattijon ya haska cikin tankin da fitilar waya yana neman tsatsa, ya shafa ƙarafan shokozoban gaba ya ga ba mai a yatsansa, ya duba haƙoran sufuroket ko sun lanƙwashe, ya ɗora mita a kan batir injin yana aiki ta nuna bolt 14, alamar caji yana tafiya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin babur ɗin ba shi da kik, sitata ce kawai, idan batir ya mutu sai turi. Sannan ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, muka ga ta baya ta haura shekara takwas duk da cewa zanenta bai cinye ba. Da wannan muka nemi ragi, aka kuma rage. Muka gwada lambar firam da ta inji da abin da ke cikin takardu, harafi bayan harafi, muka rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu biyu, na biya dillali la'adarsa.

Kafin in biya na zauna a kansa kusan minti goma, na juya kan har ƙarshe hagu da dama don in tabbatar hannuna yana kaiwa ba tare da na miƙe daga sirdi ba, kuma gwiwata ba ta tokare shi. Na kuma roƙi mai shi ya bar ni in kwantar da babur ɗin a kan tabarma in ɗaga. Na ɗaga shi sau uku a jere ni kaɗai. Injinsa mai silinda biyu ne da suka yi siffar V, cc 249, kafireta ɗaya, giya biyar, ta farko ƙasa sauran sama, saɓanin wasu ƙananan baburanmu da duk ƙasa ake takawa, wanda ya sa na yi kwana biyu ina sake koya wa ƙafata. Yamaha ta fara yin sa a 1988, kuma ta daɗe tana yin sa kusan ba sauyi, har ta sake masa suna zuwa V Star 250 a 2008.

Tun farko na ware kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ban taɓa shi a ciniki ba, kuma bai yi yawa ba. Tayar gaba mai inci 18 an same ta a Sabon Gari a ranar, ta baya mai inci 15 sai da aka yi oda daga Legas, na jira kwana tara babur yana jingine a soro. Na sauya baƙin mai, da fulogi biyu, da man birki, na yi sauyin mallaka da inshora. Hular kwano kuwa ban sayi irin ta roba da ake rataya wa a hannu don gudun kamu ba. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sanya ta, amma ni alkawarin Hajiya ne a wuyana, don haka na nemi mai rufe fuska da haɓa gaba ɗaya, mai tambarin ECE na gwajin inganci na Turai, sabuwa ba gwanjo ba, domin hular da ta taɓa buguwa tana iya lalacewa a ciki ba a gani a waje. Na haɗa da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu, da riga mai kariya a gwiwar hannu da kafaɗa wadda iska take ratsawa. Idan zan hau, babbar riga da duk wani abu mai lilo a jaka suke tafiya, saboda sarƙa da tayar baya.

Akwai abin da ban gane ba sai da na fara fita. Zaman kuruza, ƙafa a gaba, yana hana mutum miƙewa a kan matakai idan ya tarar da rami, don haka duk bugun yana tafiya kai tsaye zuwa ƙugu, dole in riƙa hango hanya tun daga nesa ina rage gudu. Cikinsa ma yana kusa da ƙasa, bai kai santimita 15 ba, sai na koyi hawa tudun rage gudu a hankali, wani lokaci a karkace. Tsawonsa kuma yana sa ya nemi fili wajen juyawa fiye da Boxer, ba ya kutsawa tsakanin motoci yadda ƙananan suke yi, ni ma na daina sa ran hakan.

Wata uku ina zirga-zirga tsakanin gida da ofis kafin in fita gari. Ranar wata Asabar bayan sallar asuba na cika tankin, wanda bai kai lita 10 ba, na kama hanyar Wudil, tafiyar kilomita 40 da wani abu. A kilomita 80 a awa babur ɗin yana tafiya cikin natsuwa, idan na doshi 100 sai ya fara rawa a hannu da matakai, wuce tirela kuma sai na yi lissafi mai tsawo, sau biyu ma na haƙura na bi bayanta har ta kauce da kanta. Na tsaya kafin gada na sha shayi, na taɓa tayoyin, na duba sarƙar. Da zan juyo sai tayar gaba ta shiga rairayin gefen titi, babur ɗin ya rinjaya hagu kamar yadda wancan ya yi mini a gidan abokina. Na dage ƙafa, ya tsaya, na mayar da shi daidai, na saki kuloci a hankali na hau kwalta. Na iso Kano kafin rana ta yi zafi, na wuce gidan Hajiya kai tsaye, na ajiye hular a kan tabarmarta kafin in durƙusa in gaishe ta.